Shagon littattafan shari'a da siyasa a Bauchi: alherinsa yana kantar ƙurya

Shagunan littattafai suna da yawa a garin Bauchi, amma galibinsu da littattafan firamare da na sakandare da kayan rubutu suke rayuwa, domin a nan ne ciniki yake, musamman idan an koma makaranta. Shagon da zan yi magana a kansa yana cikin 'yan ƙalilan da suka ware wuri na musamman ga littattafan shari'a da na kimiyyar siyasa, kuma yana wani layi ne da ba shi da nisa da kasuwar Wunti. Ba zan kama sunansa ba, saboda a cikin bayanina akwai yabo akwai kuma aibi, aibin da zan ambata kuwa ya zama ruwan dare a wannan sana'a, bai kamata a ɗora wa mutum ɗaya shi ba. Masu zuwa wurin sanannu ne: ɗaliban shari'a da ke zuwa daga Misau, da ɗaliban kimiyyar siyasa da suka kai shekarar rubuta kundin kammala karatu, da matasan lauyoyi, da malaman sakandare irina masu koyar da darasin gwamnati. Hukuncina a kansa shi ne, duk mai neman rubuce-rubucen masana kan tsarin mulki da ikon gwamnati da halaccin masu mulki ya cancanci ya kai kuɗinsa can, da sharaɗin ya wuce teburin bakin ƙofa ya isa ƙurya, ya kuma duba abin da zai saya da idonsa kafin ya biya.

Shagon ɗaki ne mai tsawo da ƙunci, wanda mutum biyu ba za su gitta juna a cikinsa ba sai ɗaya ya raɓe. Teburin bakin ƙofa shi ne yake fara tarar mai shigowa, an jibge masa tambayoyin jarrabawar shekarun baya da ƙananan littattafan taƙaita darasi da kwafin kundin tsarin mulki na aljihu masu bango kore da fari. A hannun dama akwai kantar littattafan addini, yawancinsu na Larabci bugun Misira da Bairut da Kano, a hannun hagu kuma dokoki ne, irin su dokar zaɓe da dokar shaida da dokar laifuffuka. Can ƙurya, bayan kujerar mai shagon, nan ne aka jera littattafan nazari, kuma hasken wurin ba shi da ƙarfi, idan aka ɗauke wuta sai an haska fitilar waya kafin a karanta sunan da ke ƙeyar littafi.

Aibi na farko a kan teburin bakin ƙofa yake, kuma ba ƙarami ba ne. Kwafin kundin na aljihu bugu-bugu ne a gauraye, akwai sabo akwai wanda ya haura shekara goma da fitowa, bangonsu iri ɗaya, kuɗinsu kusan ɗaya, yaron shago kuwa duk wanda hannunsa ya kai shi yake miƙa wa mai saye. Alhali kundin 1999 ya sha gyara. A 2010 an yi masa gyare-gyaren da suka shafi zaɓe, sannan aka shigar da Kotun Ma'aikata ta Ƙasa cikinsa a matsayin babbar kotu, wadda tanadinta ya fara daga sashe na 254A. A watan Mayu na 2018 aka sa hannu a gyaran da ya rage shekarun tsayawa takara, ya mayar da na shugaban ƙasa 35 daga 40, na Majalisar Wakilai da na majalisun dokokin jihohi kuma 25 daga 30. A watan Maris na 2023 aka sa hannu a wasu gyare-gyaren, waɗanda suka fitar da jiragen ƙasa da gidajen gyaran hali daga jerin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke da iko a kansu, suka kuma faɗaɗa ikon jihohi a harkar wutar lantarki. Ɗalibin da ya sayi tsohon bugu zai haddace dokar da aka riga aka soke, ya rubuta ta a jarrabawa da gaba gaɗi, malamin ƙauye kuma ya koyar da ita ga aji guda. Hanyar tantancewa ba ta da wuya: mai saye ya buɗe sashe na 131, idan ya ga shekara 40 ya mayar da littafin, sannan ya buɗe jadawali na biyu ya ga inda aka ajiye jiragen ƙasa. Na nuna wa mai shagon wannan, ya karɓa da mutunci, ya ce tsofaffin kaya ne da kuɗinsa ke kwance a ciki. Na fahimci asarar da yake gudu, amma abin da ya dace shi ne a ware su gefe, a rubuta a jikinsu cewa tsohon bugu ne, a karya musu farashi, domin masu nazarin tarihin kundin ma suna da buƙatarsu.

Da wannan ne kawai abin da shagon ke da shi, da ban ɓata lokacin mai karatu ba. Darajarsa tana kantar ƙurya, kuma darajar kantar ta samo asali ne daga zaɓin mai shagon, wanda ya tara littattafan da ke tambayar inda kundin kansa ya samo ikonsa, a maimakon waɗanda ke jera sassansa kawai domin hadda. Wannan tambaya a Nijeriya tana da nauyi na musamman. Gabatarwar kundin tana magana ne da bakin al'ummar ƙasa, tana cewa su ne suka yi wa kansu wannan tsari, amma abin da tarihi ya tabbatar shi ne gwamnatin soja ta Janar Abdulsalami Abubakar ce ta fitar da shi ta Dokar Soja mai lamba 24 ta 1999, bayan wani kwamiti ƙarƙashin Mai Shari'a Niki Tobi ya zagaya ya ji ra'ayoyi a ƙarshen 1998, kuma ba a taɓa kai shi gaban jama'a domin ƙuri'ar raba gardama ba. Zaɓuɓɓukan da suka kawo farar hula an yi su ne tun kafin a fitar da kundin, wato waɗanda aka zaɓa sun tsaya takara ba su ga takardar da za su yi rantsuwar karewa ba. Ko kundin 1979, wanda shi ne uwar na yanzu, kuma wanda ya bi ta hannun kwamitin mutum 49 na Rotimi Williams da Majalisar Tsara Kundi ta 1977 zuwa 1978, bai tsira daga hannun soja ba, domin sai da Majalisar Ƙoli ta Soja ta yi masa ƙare-ƙare kafin ya fara aiki. Ɗaya daga cikin abubuwan da aka cusa a lokacin ita ce Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana, kuma har yau tana da kariya a sashe na 315. Manomin Alkaleri ko Ningi da aka karɓe wa gona domin wani aikin gwamnati yana fuskantar sakamakon wannan tarihi ne, ko da bai taɓa jin sunan dokar ba.

A kantar na sami ɓangarorin gardamar duka biyu, wannan kuwa shi ne abin da ya fi burge ni. Akwai rubuce-rubucen marigayi Farfesa Ben Nwabueze, wanda ya zauna a kwamitin da ya tsara kundin 1979, ya kuma shafe ƙarshen rayuwarsa yana kira da a yi sabon kundi da jama'a za su amince da shi kai tsaye. Akwai rahoton marasa rinjaye da Dakta Yusufu Bala Usman da Dakta Segun Osoba suka rubuta a 1976, bayan sun ƙi sa hannu a daftarin sauran 'yan kwamitin, suna ganin ya kare masu hannu da shuni ne ya bar talaka da alkawari. A gefe guda kuma akwai masu cewa halacci ba a ranar haihuwar kundi kaɗai yake samuwa ba, ana iya samun sa ta hanyar aiki da shi: an yi zaɓen shugaban ƙasa a ƙarƙashinsa sau shida daga 2003 zuwa 2023, jam'iyya mai mulki ta faɗi ta miƙa mulki a 2015, zaɓaɓɓun majalisu sun gyara shi ta hanyar da sashe na 9 ya tanada, wato kashi biyu cikin uku na kowane zauren Majalisar Tarayya da amincewar majalisun jihohi 24 daga cikin 36. Ni ra'ayina ya fi karkata ga cewa aibin asalin gaskiya ne kuma bai kamata a rufe shi ba, amma shekarun da aka yi ana aiki da kundin su ma hujja ce da ba a yi mata rainin hankali. Abin da nake yaba wa shagon shi ne bai zaɓar wa mai karatu ɓangare ba.

Daga nan mai karatu zai ga amfanin littattafan Turawa da ke hawa na sama, waɗanda ɗalibai da yawa ke ɗauka kayan ado ne. Hans Kelsen, masanin shari'a ɗan Ostiriya, ya koyar da cewa kowace doka tana samun ƙarfinta daga wata doka da ke samanta, har a kai ga wani tushe da ba a tambayar dalilinsa, kuma idan aka kifar da tsari ta hanyar da ba ta cikin doka, sabon tsarin ya zauna da gindinsa ana yi masa biyayya, to tushen ya sauya. Wannan magana ta fita daga ɗakin karatu ta shiga kotu: alƙalan Pakistan sun dogara da ita a 1958, na Yuganda a 1966, wajen amincewa da waɗanda suka rusa tsarin mulki. A Nijeriya Kotun Ƙoli ta bi wata hanya a shari'ar Lakanmi a 1970, ta ce abin da ya kawo soja kan mulki a Janairun 1966 miƙa mulki ne na wucin gadi saboda larura, don haka kundin 1963 yana nan, kuma soja ba su da ikon ƙwace dukiyar mutum da doka ba tare da shari'a ba. Cikin 'yan makonni gwamnatin soja ta mayar da martani da Dokar Soja mai lamba 28 ta 1970, ta ce juyin juya hali aka yi, ta kuma soke duk hukuncin da ya ƙalubalanci dokokinta. Sashe na 1 na kundin yanzu ya haramta karɓar mulki ta kowace hanya da ba ta cikinsa, amma irin wannan jumla tana cikin kundin 1979, ba ta kuma hana juyin mulkin da soja suka yi ranar 31 ga Disamba, 1983 ba. Wanda ya karanta waɗannan a jere zai gane cewa abin da ke tsare tsarin mulki shi ne yardar jama'a da shirinsu na kare shi, kuma wannan ne ya sa batun halacci ya zama batun rayuwa a yankin da aka yi juyin mulki a Mali da Burkina Faso da Nijar tsakanin 2020 da 2023.

Sauran manyan sunaye duk suna nan, a bugu mai sauƙin kuɗi: Tomas Hobs, wanda ya rubuta a 1651 bayan yaƙin basasar Ingila cewa tsoron halaka ne ke sa mutane su miƙa wuya ga mai iko guda, Jon Lok, wanda ya ce mulki amana ne da jama'a ke iya karɓewa idan aka ci ta, Monteskiyu, wanda koyarwarsa ta 1748 kan raba iko gida uku ita ce ke bayan sashe na 4 da na 5 da na 6 na kundinmu. Wanda na fi ba ɗalibaina shawara su fara da shi shi ne Maks Weba, saboda rabe-rabensa uku na halacci, wato na gado da al'ada, da na kwarjinin mutum ɗaya, da na doka da ofis, suna bayyana abin da ɗan Bauchi yake gani kullum idan ya dubi fadar sarki da majalisin babban malami da gidan gwamnati, ya kuma lura da wanda mutane suka fi jin maganarsa idan rikici ya tashi. Weba ne kuma ya bayyana gwamnati da cewa ita ce ƙungiyar da ke da ikon amfani da ƙarfi na halas ita kaɗai a cikin ƙasarta. Idan aka ɗora wannan ma'auni a kan ƙauyukan da 'yan bindiga ke sa wa haraji kafin a yi noma ko girbi, sai a ga tambayar ta zama mai zafi, balle idan aka haɗa da sashe na 14, wanda ya ce iko na jama'a ne, kuma tsaro da walwalarsu su ne babban dalilin kafa gwamnati, sannan sashe na 6 ya zo ya hana kotu sauraron ƙara a kan alkawuran babin da sashe na 14 yake ciki gaba ɗaya. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 mutum sama da miliyan 93 ne suka yi rajista, amma waɗanda suka fita ba su kai kashi 30 cikin 100 ba, wanda ya ci kuma ya samu ƙuri'a ƙasa da miliyan 9. Doka ta gamsu da wannan sakamako, amma mai nazarin halacci dole ya tambayi abin da shirun sauran yake nufi.

Mai shagon dattijo ne da ya san kayansa, kuma wannan wani ɓangare ne na abin da mutum yake biya. Na ga wani saurayi ya shigo da takardar jerin darussa a hannu, ya ce, "Baba, wanda zai fitar da ni jarrabawa nake so, wanda ba shi da yawa." Dattijon ya miƙa masa ƙaramin littafin taƙaitawa, sannan ya juya ya zaro wani mai kauri daga ƙurya, ya kaɗe masa ƙura da tafin hannu, ya buɗe babin da ya yi magana kan mulkin soja da kotuna, ya ce, "Ɗana, wancan ba zan hana ka ba. Amma zauna a kan bencin nan ka karanta mini shafi biyar na wannan, in bai yi maka ba ka ajiye mini kayana." Yaron ya zauna, ya wuce shafi biyar, daga ƙarshe ya ba da rabin kuɗin aka rubuta sunansa a littafin ajiya, aka ce ya kawo cikon ƙarshen wata. Wannan tsari na biya kaɗan-kaɗan yana taimakon ɗalibai ƙwarai, kuma idan littafi babu shi, dattijon yana sa a kawo daga Zariya ko Ibadan ko Legas, sai dai mai oda ya yi haƙuri, domin ranar da aka faɗa ba kasafai take cika ba.

Aibi na biyu ya fi damuna fiye da na farko, ko da yake ba ya jawo wa kowa asarar kuɗi. Rubuce-rubucen malamanmu kan mulki suna cikin shagon, amma an kai su kantar addini, tsakanin littattafan tsarki da na nahawu, inda ɗalibin shari'a ko na kimiyyar siyasa ba zai taɓa leƙawa ba. Alhali tambayoyin da ke kantar ƙurya su ne waɗannan malamai suka yi ta fama da su. Tun ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha kan wajiban mai mulki. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya soki sarakunan zamaninsa kan karɓar mulki ta gado da ƙarfi ba tare da shawara ba, da ɗora wa talakawa jangali da kuɗin gari, da karɓar gaisuwa kafin a biya wa mutum buƙata. Ƙanensa Abdullahi, da ya ga alamun son duniya sun fara shiga jama'a, ya bar fagen daga da niyyar tafiya gabas, mutanen Kano suka tsayar da shi, a nan ya rubuta musu Diya'ul Hukkami kan yadda ake naɗa shugaba da iyakar ikonsa da aikin waziri da alƙali. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta wa Ummarun Dallaje na Katsina ƙa'idojin siyasa, ya kuma rubuta wa Yakubu, wanda ya kafa garin nan na Bauchi, wasiyya da amsoshin tambayoyinsa kan tafiyar da mulki. Abin takaici ne ɗan Bauchi ya rubuta kundin digiri kan iyakance ikon shugaba, ya ambaci Turawa goma, bai san an taɓa rubuto wa mai garinsa takarda a kan wannan batu ba.

Ba ina cewa koyarwar malaman Sakkwato ita ce dimokuraɗiyya da wani suna ba, kuma duk wanda ya faɗi haka bai yi wa kowane ɓangare adalci ba. A wurinsu Shari'a ce ke saman shugaba, ma'abota ƙullawa da warwarewa, wato manyan malamai da jagororin al'umma, su ne ke zaɓensa, jama'a su yi mubaya'a, alhali kundin 1999 ya ce ikon daga jama'a yake, kowane baligi da ƙuri'arsa guda. Haka kuma masarautun da jihadi ya kafa su kansu sun koma gado bayan ɗan lokaci. Wannan bambanci da wannan tarihi su ne suka sa ya wajaba a karanta su kafaɗa da kafaɗa. Mu a nan muna rayuwa ne a tsakanin tsare-tsaren biyu: sashe na 10 ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin addinin ƙasa ko na jiha, sashe na 275 ya ba jiha damar kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, jihar Bauchi ta faɗaɗa aiki da Shari'a a 2001, kuma gardamar da ta sa wakilai Musulmi suka fice daga Majalisar Tsara Kundi a 1978 ba ta mutu ba. Jihar da Musulmi da Kirista ke zaune tare tana buƙatar matasa masu iya tattauna wannan da ilimi da natsuwa. Ɗauko littattafan nan daga hannun dama a kai su ƙurya aikin rabin yini ne, kuma zai sauya abin da ɗalibai ke gani idan sun ɗaga kai.

Akwai wani giɓin da ya shafi garin kansa. A farkon shekarun 1940 a Bauchi aka yi zauren tattaunawar da Sa'adu Zungur da Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka riƙa halarta, inda aka yi muhawara a fili kan mulkin En'e da ikon sarakuna a ƙarƙashin Turawa. A watan Agusta na 1950 Tafawa Ɓalewa ya gabatar da ƙudiri a Majalisar Arewa a Kaduna yana neman a binciki tsarin En'e a gyara shi, Sa'adu Zungur kuma ya tsara waƙarsa ta Arewa Jamhuriya ko Mulukiya, wadda nazari ce kan irin tsarin mulkin da ya dace da Arewa, da Hausa tsantsa. Ban sami ko ɗaya daga cikin littattafan da suka tattara wannan tarihi a shagon ba, kuma a duk kantar ƙurya babu littafi ɗaya na Hausa. Wannan ba laifin dattijon ba ne shi kaɗai, domin ɗan kasuwa abin da aka buga yake sayarwa, kuma mu malamai da muke iya rubutawa ba mu rubuta ba. Sashe na 55 ya ambaci Hausa cikin harsunan da Majalisar Tarayya za ta iya aiki da su idan an yi tanadi, amma mai ƙuri'ar da ba ya jin Turanci har yanzu a bakin 'yan siyasa yake jin abin da kundin ya ƙunsa, su kuwa abin da ya yi musu daɗi suke faɗa.

Game da farashi, littattafan da aka buga a Nijeriya suna da sauƙi gwargwado, kuma ana yin ragi ga wanda ya sayi da yawa. Na waje masu bango mai tauri sun yi tsada tun da darajar naira ta faɗi, har ɗaya yana iya cinye kaso mai tsoka na mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Wannan ne ya buɗe ƙofa ga bugun sata, kuma akwai shi a shagon kamar yadda yake a ko'ina: takarda mai shara-shara, tawada ta dusashe, wani shafin a karkace, bayanan ƙasan shafi sun guntule, alhali a littafin shari'a a nan ne sunayen ƙararraki da shekarunsu suke. Araha ba ta ado, ga kuma haƙƙin marubuci da aka danne. Dattijon ba ya ɓoyewa idan aka tambaye shi, yakan ce wannan na asali ne wannan kuwa ba shi ba ne, amma sai an tambaya. Ana karɓar kuɗi hannu ko tiransifa, ana ba da rasit ga wanda ya nema. Wurin zama benci ɗaya ne, don haka ɗalibai mata sukan tsaya daga bakin ƙofa su aika yaron shago, wanda hakan ke hana su damar duba kantar ƙurya da kansu. Ƙarin benci ɗaya da kwan fitila mai haske za su magance wannan. Mujallun bincike na jami'o'i da rahotannin hukunce-hukuncen baya-bayan nan ba su da yawa, har wanda ke neman sharhi kan hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke ranar 11 ga Yuli, 2024 kan kuɗaɗen ƙananan hukumomi sai ya koma intanet.

Ga ɗalibin da kuɗinsa ba su da yawa, shawarata ita ce ya fara da kwafin kundin da ke ɗauke da gyaran 2023, sannan littafi ɗaya na masanin Nijeriya kan tarihin tsarin mulkin ƙasar daga zamanin Turawa zuwa yau, sannan ya tsallaka hannun dama ya nemi fassarar ɗaya daga cikin littattafan Abdullahi ko Bello, Weba da Kelsen su biyo baya idan hali ya samu. Safiyar ranakun aiki ta fi dacewa da zuwa, domin a lokacin dattijon yana nan kuma babu cunkoso, da yamma kuwa sau da yawa yaron shago kaɗai ake tararwa. Mai saye ya bi lambobin shafi tun daga farko har ƙarshe kafin ya fita, saboda ana canza littafin da aka samu da giɓi matuƙar akwai rasit kuma ba a rubuta suna a jikinsa ba.